Nuhad da Ɗakin Kabarin Gidan Shalhub

Duk wanda ya taɓa cin gurasa a ƙauyenmu ya san Nuhad. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nawa, ni Afifa, kuma tun muna 'yan mata hayaƙin kaskonta ke tashina da safe. Ba ta yi aure ba. Wani direba daga garin Zahle ya taɓa nemanta, sai yaƙi ya zo, mahaifiyarta Zahiya ta rasu a tsakiyarsa, ita kuma ta ce wa zai kula da Baba? Direban ya gaji ya auri wata. Ta zauna tana murza ƙullu, tana hidimar mahaifinta tsoho Rukoz, tana faɗa da ni a kan ruwan wankina da ke gangarowa ƙofarta.

Shekarar da ciwon huhu ya kwantar da Rukoz, likita ya ce a mai da shi gida, ba sauran abin yi. Magana ɗaya tsohon ke nanatawa: in ya mutu a sa shi kusa da Zahiya. Kowane dangi a nan da ɗakin kabarinsu na dutse a bayan coci, makullin na gidan Shalhub, danginsu Nuhad, kuwa yana hannun Sarkis, ɗan ƙanin mahaifin Rukoz. Mutum ne da ko gaisuwa sai ya auna kafin ya ba ka.

Na raka Nuhad wurinsa, da gurasa mai zafi a ƙunshe. Ya karɓa, sannan ya ce wuri ya ƙare.

"Haba Baffa, ai akwai gurbi kusa da Mama."

"Uwarki ma kara babana ya yi, don ana yaƙi. Ke ba ki san abin da tsofaffi ke faɗa ba? Kakanki Tannus tsintarsa aka yi a shekarar yunwa. Ba jininmu ba ne."

Na ce, "Sarkis, ji tsoron Allah! Mutum yana kan gargara kake wannan maganar?"

"Ke Afifa, da ke aka yi? In ƙarya nake, ta kawo mini takarda daga coci cewa Tannus ɗan kakana Yusuf ne, ni da kaina zan buɗe ƙofar."

Tannus dai ba a tambayarsa, ya daɗe da mutuwa a Birazil, can aka binne shi. Tsofaffin littattafan cocinmu kuwa suna gidan sufaye a saman dutse, kuma da haruffan Suriyanci irin na addu'a aka rubuta su. Tsohon limamin coci Fada Ilyas kaɗai ya rage mai karanta su, shi ma idonsa ya tafi rabi. Muka bar surukata a gefen Rukoz, muka shiga motar haya. A hanya Nuhad sai matsa yatsunta take yi. Ni kuwa na ga yadda tsohon ke jan numfashi da muka fito, ina tsoron mu dawo mu tarar da kuka.

Fada Ilyas ya sa aka sauko da littafin baftisma, ya ɗora gilashi a kan tabarau, ya kama bin layi da yatsa. Wayyo, tsohon nan da nawa! Kowane suna sai ya tsaya ya gaya mana jikan wane ne. Can sai ya ce, "Ga shi. Tannus, ɗan Yusuf Shalhub da matarsa Wardiya, an yi masa baftisma 'yan shekaru kafin yunwa."

Nuhad ta kama hannunsa ta sumbata, hawaye na zuba. Na ce, "Godiya ga Allah! Fada, rubuta mana mu tafi, mun bar mara lafiya."

"Sannu dai, 'yata. Ni ba na sa hannu a takarda sai na duba littafin matattu. Haka aka koya mini."

Da na san haka, wallahi da na ja Nuhad mun fita. Aka kawo ɗaya littafin. A shafukan shekarar yunwa rubutun ya cushe, suna bisa suna, wani wurin gida guda ne a layi ɗaya. Yatsansa ya yi ta gangarawa, sannan ya tsaya. Ya karanta a hankali: Tannus ɗan Yusuf Shalhub, ɗan shekara huɗu, yunwa ta kashe shi, an sa shi a ramin gayya tare da sauran.

Nuhad ta dube ni kamar ni ce zan gyara maganar. Na yi maza na ce, "To mene ne? Ai haka ake yi, in yaro ya mutu sai a mayar wa ƙaninsa sunan. Wardiya ta sake haihuwa ne. Fada, koma littafin farko."

Ya koma. Muka tsaya a kansa, ba mai motsi. Ya sami wani Tannus ɗin kuwa, 'yan makonni bayan mutuwar na farko, amma sai ya cire tabarau ya goge, ya mayar, kafin ya buɗe baki.

"Fadan wancan lokacin ya rubuta: Na yi wa wani yaro baftisma bisa sharaɗi, don ba a sani ba ko an taɓa yi masa. Wardiya matar Yusuf ta same shi a bakin injin niƙa, kusa da gawar wata mata baƙuwa. Ba ya magana. Ba a san garinsu ba, ba a san addininsu ba. Ta ce a sa masa sunan ɗanta."

Ni dai raina ya ɓaci, ban san da wa ba. Na ce, "Fada, na farkon da ka karanta ai ba ƙarya ba ne. Rubuta shi kawai, wa zai sani?"

"Ba ƙarya ba ne, amma ba kakanta ba ne."

"Bar shi, Afifa," in ji Nuhad. Ta roƙe shi ya sake karanta mata wurin injin niƙan, ya karanta.

Mun tarar da Rukoz da ransa. Yana ganinta ya ce, "Me littafin ya ce?" Na ƙyafta mata ido, ta ƙi kallona. Ta zauna a bakin gado ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Sai ya ce, "Shi ya sa Baba bai taɓa barin ɓawon gurasa a faranti ba." Can kuma ya kama hannunta. "To Zahiya fa? Ita kaɗai za ta kwana a cikinsu?"

Washegari da safe ba ta hura wuta ba. Ta wuce gidan Sarkis, ina biye da ita ina cewa ta yi a hankali. Ya fito yana jiran roƙo.

"Gaskiyarka, Baffa. Tsintarsa aka yi. Kakarka ta tsince shi lokacin da ba ta da abin da za ta sa a bakinta, ta ba shi wurin ɗanta. Kai kuma ga ka da rumfar inabi har biyu. Ba ni makullin."

"Ai kin ji sharaɗina."

"Ba Baba zan sa ba. Uwata zan ɗauko."

Sarkis ya yi fari fat. Ya fara cewa ai ba a haka, me mutane za su ce, a zauna a yi magana, wataƙila a duba. Ta ce ta gode, maganar ta wuce nan. Hannunta na miƙe har ya ajiye makullin a ciki.

Fadan ƙauye ya yi addu'a, mai haƙar kabari ya tattara ƙasusuwan Zahiya a ƙaramin akwatin katako, aka ajiye a coci. Nuhad ta koma ta raɗa wa mahaifinta cewa Mama ta fito, tana jiransa. Bai kai ƙarshen makon ba.

A ɗakin kabarin coci aka sa su, inda ake sa baƙi da marasa dangi. Maza suka ɗauki Rukoz, ita ta rungumi ƙaramin akwatin a ƙirjinta, ta ƙi ba kowa. A kan hawan na ce ta kawo in taya ta, ta girgiza kai.

"Ba ta da nauyi, Afifa. Ko kaɗan ba ta da nauyi."