Lu'ulu'u a Kan Maƙoƙo

Ina da maƙoƙo. Gara in faɗa tun farko, don a lokacin ko sunansa ba na son ji. Tun ina budurwa ya fito, yana ƙaruwa a hankali, ni kuma na ƙware wajen naɗe wuya da gyale. Ko a gaban maigida ban yarda in zauna wuya a buɗe ba. In zafi ya kashe ni, ya kashe ni.

Shekarun da ake gina dam na Bakolori, maigida mahauci ne a Talata Mafara, shi ke kai wa Turawan kamfani nama. Matar ɗaya daga cikinsu ta biyo shi har gida, da mai aikinta, wata 'yar Bakura da ke yi mata tafinta. Ta ƙura mini ido, ta ce tana son ta zana ni da fenti. Ni! Duk matan unguwa, ni ta zaɓa. Kai, ranar kaina ya kumbura.

Sai ta ciro sarƙar lu'ulu'u daga wuyanta, ta ce in sa, in kwance gyalen. Na yi turus. Amma na ce a raina, ai mai zane ba mai ɗaukar hoto ba ce, hannunta ne, abin da ba shi da kyau za ta tsallake shi. Wa zai ɓata fenti a kan maƙoƙo? Na kwance. Ta yi ta zuwa in maigida ya fita, ina zaune a kan tabarma kamar an dasa ni, warin man fentin yana hawa mini kai. Ba ta bari in leƙa ba. Ni burina ɗaya, maigida ya gan ni da wuya sumul, ko sau ɗaya, ko da a ƙyalle ne.

Ranar da ta gama, ni da bakina na tara maƙwabta. Ta juyo da zanen.

Innalillahi! Ga idanuna, ban taɓa sanin suna da kyau haka ba. Ga kuma shi nan a ƙasa, ƙato, yana sheƙi, lu'ulu'un ya hau kansa ya karkace. Wata ta ce "tubarkalla" da muryar da ake gaida mara lafiya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baturiyar kuwa sai murmushi take. Ta sa aka gaya mini wai shi kansa lu'ulu'u ciwo ne, tsakuwa ke shiga cikin naman ƙumbar teku ta yi ƙari. To sannu! Wa ya tambaye ta?

Maigida ya shigo, hannunsa ko wankewa bai yi ba. Ya daɗe tsaye a gaban zanen. Na ja gyale har haɓa, ina jiran ya kau da kai.

Ya ce, "Wallahi wagga mata ta iya aiki. Hatta jijiyar ga ta hagu ta sa, wadda ka tashi in kin yi hushi."

Ni kaina ban san da jijiyar ba. Na duba zanen, ga ta nan.