Jajayen Ɗigo a Gidan Malam

Motar feshi na gaba, ni ina baya bisa babur ina danna oda kamar mahaukaci, don na gane gidan da sunka nufa. Unguwar Gawon Nama, gidan Malam, uban yarinyar da nike so. Shi kuwa ko sunana bai sani ba.

Ga yadda abin ya faro. Daminar nan zazzaɓin dengi, wanda sauro ke kawowa, ya shigo gari, anka ɗauki irinmu 'yan kabu-kabu da munka san lungu-lungu. Likitar da ke jagorantarmu ta ba ni waya. In an ce gida kaza akwai mai ciwon, in je, in cika tambayoyi, in danna. Ni da ko aji uku ban ƙare ba, sai na ga ai wahala ce tsayawa cikin rana ana latse-latse. Sai in rubuta a takarda, in zagaye Ƙofar Dundaye tas, bayan la'asar in zo gindin dalbejiyar ƙofar gidan su yarinyar. Ina jiran ta leƙo, ina shigar da komai hankali kwance. Wa ya gaya min wayar tana riƙe wurin da ka tsaya da lokacin da ka danna?

Na iske har masu feshi sun sauka, sun tuntsurar da randuna biyu. Malam ya fito zaure da littafi a hannu.

"Lafiya, Hajiya?"

Likita ta nuna mai taswira a kwamfuta. Gari fari fat, gidansa kaɗai cike da jajayen ɗigo kamar an shanya tattasai.

"Malam, duk masu ciwon nan gidanka suke."

"Gidana? Ko mura ba mai yi."

Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta juyo gare ni a hankali. "Kai! Zo nan. Kowane ɗigo bayan la'asar. Wane irin sauro ne ke jiran a sallame salla?"

Masu feshi sunka fashe da dariya. Na durƙusa, na faɗi gaskiya tun daga takarda har dalbejiya. Bayan ƙyaure na ji ƙarar awarwaro, na san yarinyar na nan tana ji.

Malam ya gyara tabarau ya ƙirga ɗigon da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, yana duba ranar kowane.

"Wagga rana har da ruwan sama."

"Da shi, Allah shi gafarta Malam."

"To. Mutanen da ka kwaso ka zuba min a gida, ka maida kowa ƙofarsa, a je a yi masu feshi. In ka gama, ka turo manyanka. Randunana kuma kai za ka cika."

Likita ta ce kwana biyu ta ba ni. Na yi shi a yini guda, ko abinci ban nema ba. Ashe ciwon bayan wani shagon faci ya taru, inda ruwa ke kwana cikin tsoffin tayoyi. Ina gamawa na rubuta wa kawuna na Wamakko:

"Kawu, a wanke babbar riga. Juma'a za ku Gawon Nama, kai da Baba. Kar ka tambaye ni yadda anka yi, in kun zo masu feshi za su ba ku labari."