Ranar da na canza wa falon Mama fasali

Muna cikin tura doguwar kushin zuwa gindin taga, ni da yayana Bitrus, sai ga Mama ta dawo daga coci. Daga Birnin Kebbi na sayo mata sababbin kujeru, na ce mu sake tsarin falon kafin ta iso, ta sha mamaki.

Tana shigowa ta yi karo da teburin da muka matsar. Gwiwarta ta bugu, ta tsaya tana laluben bango.

Na ce, "Mama, ba ki ga tebur ba?"

Ta ce, "Ɗiyata, tun damina idon nan dishi-dishi yake gani. Da ƙafa na san ɗakin nan. Ban faɗa ba ne don kada ki bar aikinki ki dawo Zuru jinya."



Muka mayar da komai mazauninsa na da, ina ja ina share hawaye. Gobe da safe asibiti za mu kai ta.

Iyaye suna ɓoye ciwo don kada su tayar mana da hankali. Ku fa, yaya kuka gano na naku?