Wa Zai Zuba wa Ƙarfen Sabis Mai?

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa, kuma har yau ban yafe wa kaina abin da na yi masa ba. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke raba ruwa a reshen kanal ɗinmu, tsakanin Kura da Bunkure. Ba takarda, ba waya. Ya san gonar da rairayi ya yi wa yawa sai an ƙara mata, ya san ƙofar ruwan da ke yoyo. Duk Juma'a in an sauko, manoma su taru a bakin babbar ƙofa, ya faɗi layin ban ruwa na mako kowa ya ji da kunnensa.

Ni ne, da 'yar difilomata ta kwamfuta, na miƙe a taro na ce wannan tsohon yayi ne. Na buɗe zaure a waya, na ce daga yau kwamfuta ce za ta tsara layi. Aka tafa mini. Yaya Sale ya nuna ƙarfen sabis ɗin da muke hangowa wajen Kadawa ya ce, "Ashiru, wancan abin fa mai yake sha kamar injin ban ruwa. Ranar da duniya ta rikice, wa zai zuba masa?" Na ce ai an gina intanet yadda ko yaƙin duniya aka yi, in hanya ɗaya ta yanke saƙo zai bi wata. Ya ce, "To, Allah ya sa." Bai sake zuwa bakin ƙofa ba har ya rasu.

Ba yaƙin duniya aka yi bana ba. Motar da ke kawo wa ƙarfen man gas ce kawai ba ta zo ba, sabis ya ɗauke kwana biyar, tumatir yana tsakiyar fure. Layin mako yana can cikin wata kwamfuta da ko ƙasar da take ban sani ba. Na sama suka tare ruwa, mu na ƙasa muna kallon fure yana kakkaɓewa. Surukai biyu suka ɗaga wa juna fartanya.

Ina jin masana a rediyo suna gardamar ko intanet zai rayu bayan babbar masifa ta duniya. Su yi ta yi. Mu dai mun ga inda ransa yake: a hannun direban tanka da mai gyaran janareta, waɗanda su ma gida za su gudu ranar da abin ya taso. Kayan aro ba ya rufe katara. Da Yaya Sale yana raye, na san ba zai ce "ai na faɗa" ba, fartanya zai saɓa ya nufi kanal. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Rana ta uku da ɗaukewar sabis dattawa suka yi sallama a ƙofar gidana. Malam Idi, babbansu, ya ce, "Kai ne ƙaninsa, faɗa mana yadda yake jera gonakin." Na fara lissafowa, na kai ta biyar na kakare. Shekara talatin yana faɗa a gabana ban taɓa kasa kunne ba.

Ana yabon gaskiyarsa har gobe, amma yabo ba ya buɗe ƙofar ruwa. Abin da ya rage na iliminsa ke nan a duniya, gona biyar, su ma a bakin wanda ya kore shi.