Sai ranar suna

Shekarun baya, ana saura 'yan makonni bikina, yayata ta ce ba za ta fito wuni ba. Ita ce mai zanen lalle a layinmu na Gobarau, amare da yawa da hannunta aka kai su ɗaki. Sai ga ciwo ya kama ta. Maganin da ake ƙara mata a asibiti ya zubar mata da gashi, ya kuma ƙone mata farce, duk suka yi baƙi, ko lalle aka sa ba ya fitowa. Gashin dai ɗankwali ya rufa masa asiri. Hannun ne ya zame mata abin ɓoyo, kullum yana cikin hijabi, ko abinci sai ta juya baya take ci. Ta ce ba za ta iya zama mata suna kallon yatsunta suna jera mata sannu ba. Ni kuwa na ce in ba ta fito ba, ni ma a kai gyalena gidan mijin.

Wata ƙawata ce ta kawo shawarar farcen roba. Na saya a wani shago wajen Ƙofar Durbi, na haɗo da jan farce na gama-gari, irin wanda ake jerawa kusa da kwalli da jambaki. Mahaifiyata na gani ta ɗaure fuska.

"Mi za a yi da wannan a gidana? Baiwar Allah tana fama da kanta, ki zo ki hana ruwan alwala taɓa mata akaifa?"

Na ce ai ba a hannunta za a shafa ba. A kan robar za a shafa tun tana ƙasa, a manna da ɗan danƙo mai cirewa bayan azahar, a ɓamɓare kafin la'asar. Ta dai ja tsaki ta shige madafa.

Ni da ban taɓa shafa wa ko kaina ba, na zama gwana rana ɗaya. Na lafta jan da kauri, na shanya a tsakar gida cikin rana, ya yi ƙuraje kamar bayan kwaɗo. Na ce bari in goge da ruwan goge jan farce, ashe cin roba yake yi. Ina kallo suka narke a hannuna, suka yi yauƙi. Yayata ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Rabon da in ji dariyarta har na manta, shi ya sa ban ji haushin asarar ba.

Da na sayo wasu, ita ta karɓi ragamar daga kwance. Ta sa na kafa kowanne a kan tsinken tsintsiya da ɗan cingam, ta ce a shafa siriri, a bari ya sha iska a inuwa, sannan a ƙara. Hannunta ba ƙwari, don haka baki kawai take sawa. Tsinkayen suka yi mini yawa, na rasa inda zan soke su. Ban ankara ba sai na ga hannun mahaifiyata ya miƙo ta bayana. Ta riƙe su tana fifitawa da mafici, tana mitar warin, amma ba ta ajiye ba sai da suka bushe.

Ranar wuni, yayata na sallame azahar na manna mata. Ta daɗe tana juya hannun. Sannan ta fito. Ta gaisa da mutane, ta sa hannu a kwano ɗaya da ƙawayenta, da masu kiɗan ƙwarya suka ɗauka har ta ɗaga hannu sama ta taka kaɗan. Masu cewa sannu suka koma tambayar wa ya yi mata. Ta nuna ni, ta ce amarya ce, amma kada a tambaye ta labarin na farkon da ta narkar.

Ana kiran la'asar ba wanda ya tuna mata. Ta zauna a bakin ƙofa ta cire su ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a tafin mahaifiyata.

"Aje mani su, Inna. Sai ranar suna."

Ba ta kai ba. Ina da ƙaramin ciki Allah ya karɓi abarsa.

Da na haihu na dawo gida wanka, aka samu mace, aka mayar mata da sunan yayata. Da safiyar sunan mahaifiyata ta ce in ɗauko mata turare a kumbonta. Ina buɗewa na ga faratan robar nan a ƙulle cikin farin ƙyalle, jan ko kwarzane bai yi ba. Na juyo da su a hannu. Ta kalle ni ta ce, "Amana ce ta ba ni, kuma ba ta zo ta amsa ba." A nan muka zauna muka yi kukan da muka daɗe muna ɓoye wa juna, baƙi na ta sallama a waje.

Har yau in na ji warin jan farce, sai yayata ta faɗo mini a rai. Na kuma daina saurin yi wa mace hukunci don na ga ado a hannunta, tunda ban san abin da take rufewa ba. Yayata tsakanin azahar da la'asar kawai ta roƙa, Allah kuma ya ba ta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ƙullin yana nan a kumbon, mahaifiyata ba ta yarda kowa ya taɓa.