Barcin Yayar Tsinke

Tsinke ake ce masa, kuma wanda ya laƙaba masa sunan bai zalunce shi ba. Dogo ne siriri, in ya tsaya a bayan ƙyauren shagonsa sai ka rantse ya fita. Katifa yake yi tun yana saurayi. Da ta auduga ya fara, zamanin da ake bugun ta da sanda har gashin idon mutum ya yi fari. Da soso ya shigo, abokan sana'arsa suka watse, wani ya koma tuƙi, wani ya kama gadi. Shi kuwa ya nemi doguwar wuƙa da gwangwanin gam, ya zauna ya yi ta ɓata soso har hannunsa ya faɗa.

Daga baya ya lura yawancin masu zuwa wurinsa ba sabuwar katifa suke so ba. Tsohuwarsu ce ta lotsa, kuma ba sa son rabuwa da ita. Sai ya shiga yin abin da yake kira ɗori: shimfiɗa mai kaurin tafin hannu, soso sama, soso ƙasa, a tsakiya jerin ƙananan sifirin, wato wayar ƙarfen nan mai murɗi irin ta cikin kujerar mota. A ɗora a kan tsohuwar katifa, mai ita ya kwana yana sa albarka. Matarsa ke ɗinka rigunan ɗorin a kan keken ɗinki a kusurwar shagon, shi ya sa kowa a layin ke kiran ta Tela, har da shi kansa.

Yana da wata ɗabi'a da yake taƙama da ita. Ɗori ba ya fita daga shagonsa sai ya gwada shi da bayansa. Zai tuɓe takalmi, ya miƙe a kai, ya juya dama, ya juya hagu, ya lumshe ido kamar mai sauraron wani abu daga nesa. In ya tashi ya ce “ya yi,” to magana ta ƙare. Wani lokaci mai saye kan dawo ya ce abin ya lotsa masa a tsakiya. Tsinke ya sake hawa, ya ji lafiya lau, ya ce a ransa mutane dai ba su da godiya.

Haka rayuwa ta yi ta tafiya har furfura ta fito masa, sannan yayarsa ta dawo gidansa da zama. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana yarinya take goyon sa tana wankin kayan mutane, kuma wanki da guga ta yi ta yi har ƙarfinta ya ƙare. Mace ce mai jiki, mai faɗi, mai murya. Yanzu ƙugu da baya sun ci amanarta, ta daina iya kwanciya. Da ta sa haƙarƙarinta a katifa sai ciwo ya taso mata daga ƙugu ya bi ƙafa. Saboda haka a kujera take kwana a zaune, da matashi a ƙeya. Ƙafafunta suka kumbura, idanunta suka faɗa, muryar nan ta koma ƙasa-ƙasa. Likita ya ce magani zai taimaka, amma in ba ta samu ta riƙa miƙewa tana barci ba, jikin zai ci gaba da lalacewa.

Wannan magana ta tsaya wa Tsinke a rai. Mutumin da ya kwantar da rabin unguwa, a ce yayarsa tana kwana a kujera a cikin gidansa! Ya zaɓi soso mafi laushi, ya yi mata ɗori, ya gwada, ya ji kamar kada ya tashi. Yaya ta kwanta, ta ɗan jima tana cije leɓe, ta ce a ɗaga ta.

“Ya yi kyau, ƙanena,” in ji ta. “Jikin ne nawa ba na kirki ba.”

Ya sake wani, ya ƙara kauri. Ta sake cewa ya yi kyau, ta koma kujerarta. Da ma zagin sa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya zama ba ya cin abinci sosai, mutumin da tun asali ba shi da abin da zai rage.

Wata safiya yana kwance a kan sabon ɗori yana juye-juyensa, Tela ta tsayar da keke ta zuba masa ido.

“Wai kai me kake ji a nan?”

“Ina jin yadda yake karɓar jiki mana.”

“Wane jikin? Kai da ko kaza ta fi ka danna katifa! Sifirin ɗin nan bai ma san an hau shi ba. Shekara da shekaru kana yi wa kanka katifa, kana sayar wa masu nauyi.”

Ya tashi zaune zai yi musu. Sai ya tuna duk waɗanda suka dawo da ƙorafi: mahaucin nan mai tumbi, matar mai gidan burodi, direban babbar mota. Babu siriri ko ɗaya a cikinsu. Kunya ta rufe shi, amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani farin ciki, domin in laifin nasa ne, to yana da gyara.

Ya leƙa shagon da ke jikin nasa ya kira Mai Walda, wani ƙaton mutum da ya yi kusan nauyin Yaya.

“Zo ka kwanta mini.”

“Lafiya? Da rana tsaka?”

“Kai dai kwanta.”

Mai Walda ya baje a kan ɗorin. Tsinke ya durƙusa ya zura hannu tsakanin ɗorin da katifar da ke ƙasa. A saitin kwiɓi hannun ya wuce salin-alin. A saitin ƙugu kuwa ya maƙale, sifirin sun lotse gaba ɗaya sun haɗe da juna, har sai da ya yi ƙara kafin ya zaro yatsunsa. Ashe duk laushin da yake ƙarawa banza ne, ƙashin Yaya nutsewa yake yi ya je ya daki tauri.

Daga ranar aikin ya canza. Ya tafi wurin masu fasa tsofaffin motoci ya yi ta tonon kujeru, ya dawo da buhun sifirin iri-iri, hannuwansa duk tsatsa. Ya wanke su, ya ware masu tauri gefe, masu taushi gefe. Masu tauri ya jera inda ƙugu zai sauka, masu taushi a kafaɗa, matsakaita a kwiɓi don su tallafe shi. Na farkon da ya haɗa ya yi tauri, Mai Walda ya ce gara ya kwanta a kan teburin aikinsa. Na biyun ya yi daɗi, sai dai ko numfashi ka ja sai ya yi ƙiiƙii. Tela ce ta warware wannan: ta ɗinka wa kowane sifirin 'yar jakarsa ta yadi, don kada ƙarfe ya goga ƙarfe. Ta yi ta mita tana cewa ita ba ta taɓa ganin inda ake yi wa waya riga ba, amma ba ta tsallake ko ɗaya ba. Shi kuma Mai Walda ya saba da aikin har ya fara zuwa ba a kira shi ba.

Ranar da hannun Tsinke ya wuce ta ƙarƙashin Mai Walda daga kafaɗa har ƙafa ba tare da ya maƙale ba, ya shiga gida ya riƙo Yaya. Gidan a bayan shagon yake, amma sai da suka huta a hanya. Ta dubi ɗorin da aka shimfiɗa kan tsohuwar katifa a tsakiyar shago, ta yi ajiyar zuciya.

“Ƙanena, ka bar wahalar da kanka haka. Na saba da kujerar nan.”

“Yaya, wannan kawai. In bai yi ba, ba zan ƙara damun ki ba.”

“Haka ka ce wancan karon.”

Shi da Tela suka kwantar da ita a hankali. Ya tsaya yana kallon fuskarta, yana jiran cije leɓen nan da ya sani. Ta gyara kafaɗa. Ta miƙe ƙafa ɗaya, ta miƙe ɗayar. Sai ta juya ga Tela ta soma ba ta labarin yadda Tsinke yake ƙin wanka yana yaro, yadda sai ta bi shi da gudu har bayan gida, ta kamo shi ta kunne, ta…

Maganar ta tsaya a nan. Tela, da ta riga ta koma kan keke, ta ɗaga kai. Bakin Yaya a ɗan buɗe, hannunta ya saki sandar da take dogarawa ya zube a gefe. Can sai ga minshari, mai ƙarfi, mai cika ɗaki.

Tsinke ya dubi fuskar Yaya. Hawaye suka zubo masa, bai ko share ba. Ya fita ba takalmi, ya faɗa shagon Mai Walda ya kashe masa inji da hannunsa. Ya tsallaka wurin mai niƙa ya haɗa hannuwa yana roƙo, shi ma ya kashe. Mai sayar da rediyo ya rage murya tun kafin a iso gare shi. Layin da ba a taɓa jin shirunsa da rana ba ya yi tsit, mutane suka taru a ƙofar shago suna leƙe, suna danne dariya, minsharin yana fitowa har titi.

Sai ga wata motar kaya ta shigo layin tana danna hon. Tsinke ya tsaya a tsakiyar hanya ya ware dogayen hannuwansa. Direban ya taka birki, ya leƙo a fusace.

“Kai baba, ka gaji da duniya ne? Wane babban mutum ne zai wuce da aka tare hanya?”

Tsinke ya matso jikin tagar, fuskarsa jiƙe, yana murmushi har kunne, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

“Yi haƙuri, ɗana. Yayata ce take barci. A kwance.”

Direban ya dube shi, ya dubi jama'ar da suka yi cirko-cirko, ya kasa kunne. Sannan ya miƙa hannu ya kashe motar.