Littafin da Mai Ƙosai Ta Cinye Ƙarshensa

Ana idar da sallar asuba muka bar gida a Kaura Namoda, ni da ƙanena, ko koko ban tsaya sha ba. Shinkafi za mu, amma sai da muka fara nufar Zurmi, duk saboda littafi ɗaya.

Bari ku ji dalili. Kawuna tsohon malamin makaranta ne a Shinkafi, shi ya saba mini da tsofaffin littattafan Turanci na labaran kimiyya da na almara. Bara idonsa ya tafi. Da aka zo gyara masa ɗaki, matarsa, wadda muke ce wa Inna, ta raba takardu kamar yadda kowa ke yi a wajenmu: mai rubutun Arabiyya a ɗaga shi sama kada a taka sunan Allah, na boko kuwa a ba maƙwabciya mai ƙosai. Ba mugunta ba ce wallahi, ita dai ta ga babu mai dubawa. Ashe har da wanda Kawu bai gama ba, labarin wasu mutane da duniyarsu ta lalace, suka shiga jirgi da irin shuka, suka nufi wata duniyar, tafiyar da kakanni suka fara sai jikoki za su ƙarasa. Duk wayar da muka yi sai ya ce, "Ɗiyata, ko mutanen ga sun isa?" Ga shi jiki ya fara rauni, ni kuwa ina tsoron ya tafi da tambayarsa.

Wata abokiyar karatuna a Zurmi tana da irinsa, ta tsinto shi a gwanjon littattafai. Hanya dai sai haƙuri, daga rami sai shingen jami'an tsaro, kuɗin mota kuma ya tashi har na tambayi direba ko har da abinci a ciki. Gero ya fitar da kai, gwanin kyau, sai dai nan da can ka ga ƙauye shiru, ko kaza babu. Da na karɓi littafin, bangonsa duk cin ɓera, ƙanena ya ce, "Yaya, mutane na zuwa Zurmi sayen hatsi, ke kin zo ɗaukar sauran ɓera." Na ce ya rufe mini baki, ai shafukan ƙarshe na fara dubawa, kuma suna nan.

Muka dawo ta Kaura, muka kama hanyar Shinkafi da sauran rana, don yanzu ba direban da ke son la'asar ta same shi a daji. Inna ta tarye mu da hoce mai zafi, wainar dawa ta wajenmu, da fura, tana ta kauce wa idona. Kawu ya rame, sai na ji zuciyata ta karye. Ya shafa littafin, ya sansana, ya yi dariya: "Wanga ba ya warin mai!"

Na zauna a gefen tabarmarsa ina karantawa daga inda ya tsaya ina juyawa da Hausa, don na lura Inna ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya, ba ta shara. Wani dattijo da ya baro gonarsa wajen Katuru yake zaune a gidan, shi ma ya matso. Da na kai inda jirgin ya sauka, ya katse ni: "To irin hwa? Ya tsira?" Na ce ya tsira, Baba. Ya sunkuyar da kai. Kawu kuwa hawaye ne ke bin gemunsa, yana ta maimaita, "Sun isa. Alhamdu lillahi, sun isa."

Inna ta ajiye tsintsiya, ta karɓi littafin daga hannuna. Ta warware sabon zanenta, ta naɗe littafin a ciki, ta sa a adakarta inda take ajiye kayan aurenta. Nan ni ma na yi kukan da nake ta riƙewa.

Washegari muka dawo Kaura lafiya. Masu tambayata wane littafi za su karanta, ga amsata: ku nemi tsofaffin nan, na tafiya cikin taurari, na injunan da ke tunani, na masarautun da babu su a taswira. Kada bango ya hana ku, kada ku ce tatsuniyar Turawa ce. Na ga manomin da aka raba da gonarsa yana tambayar lafiyar iri a wata duniya. Kuma in kuna da tsoho a gida da idonsa ya gaza, ku ara masa naku tun yana iya tambaya.